Ruwa Biyu a Bolton

A garin nan ruwa biyu ke dukana.
Na sama, lema ke tare shi.
Ɗayan ba ya haɗa hadari,
ta ramin ƙofa yake faɗowa cikin farar ambulan,
sha huɗu ga wata, bai taɓa makara ba.

Kati uku ne a aljihuna.
Shuɗin na karɓa da Inna ta kwanta ciwon ƙoda.
Jan ya sayi tikitin da ya kai ni Funtuwa,
na tarar an dawo daga maƙabarta.
Na ukun, ruwan toka, ba ni da hujjarsa:
talabijin ne, da takalma,
da kunyar cewa babu
in waya ta yi ƙara daga gida da asuba.

Shekara biyu ina biyan ɗan abin da suka yanka.
In tura fam tamanin, in ji na sauke kaya,
ashe sittin da uku ruwa ya shanye,
sha bakwai kaɗai ke taɓa uwar kuɗi.
Ran Juma'a, in liman ya ambaci riba,
sai in ƙura wa zanen darduma ido
kamar yau na fara ganinsa.

Kubura ce ta zaunar da ni wani daren Lahadi,
ta dawo daga gidan tsofaffi, ƙafa a kumbure.
Ta juya bayan takardar makarantar Nusaiba,
ta ja layi uku, ta ce, "Wanne ya fi cizo?"
Muka bi ƙananan rubutun da ban taɓa karantawa ba.
Ashirin da tara cikin ɗari. Mai tokar ne.
"To, shi za mu fara kayarwa.
Sauran a jefa musu ƙashin da zai hana su haushi."

Na kira banki daga ɗakin hutun direbobi.
Minti arba'in suna kaɗa mini kiɗa.
Ni da ke juya bas mai hawa biyu a ƙuntatacciyar kwana,
muryata rawa take da na ce a rage mini.
Yarinyar ba ta yi dariya ba.
Ta rage huɗu. Ashe tambaya ce kawai ban yi ba.

Bashin jan muka kwashe zuwa wani sabon kati,
wata goma sha takwas ba ruwa, in ji su,
sai ladan dako, uku cikin ɗari.
Kubura ba ta yarda da ni ba, kuma da gaskiyarta:
ta tsoma sabon cikin robar ruwa,
ta tura can ƙuryar firiza, bayan kuɓewa da ganda.
Ta ce, "Bari shi ma ya ji yadda ruwa yake."

Sai sauran, wanda ba shi da daɗin faɗa.
Shayi a filas. Aikin Asabar, aikin dare.
Kwasar adashena ta zo, fam ɗari shida,
ko kwana ba ta yi a hannuna ba.
Ƙanena Sallau ya kira kan kuɗin shago,
na ce masa, "Ban da bana."
Shirun da ya yi ya fi ambulan nauyi.
Har yau gaisuwarsa gajera ce.

Jiya na buɗe waya a tashar ƙarshe,
fasinja duk sun sauka, gilashi na zubar hawaye.
Mai toka: sifili.
Na kalle shi har fitilar ta mutu, na sake kunnawa.

Da almakashin gyaran kifi muka yanka shi.
Nusaiba ta tsince gutsattsarin tana ƙirgawa,
ta ce takwas, ta tambaya ko na wasa ne yanzu.
Saura biyu.
A waje na sama bai tsagaita ba,
na ɗauki lemata, ƙarfe biyar nake da fita.