Jan Fenti a Bangon Madafa

Ranar Talata ya zo, da hantsi,
man gyaɗa ya soma magana a kasko.
Fayil a hammata, biro a aljihu,
yaro na biye da gwangwanin fenti.
Ya yi sallama, muka amsa,
Dinatu ta goge masa benci da gefen zane.

Malam Mannir, daga ofishin tsara birni.
Ya shimfiɗa taswira a teburin murji,
fulawa ta manne mata a kusurwa.
"Kun ga nan? Fuloti na sha bakwai.
Wurin ibada. Haka aka rubuta.
Ba a ce kasuwa ba."

Na duba inda yatsansa ya tsaya.
Ɗan gurbi ne, bai kai ƙwayar cincin ba.
A cikinsa aka ɗaura aurena da Bulus,
a cikinsa aka yi masa addu'ar ƙarshe.
Ta baya, inda takarda ta yi shiru,
akwai murhu uku, da tanda mai karkatacciyar ƙofa
wadda ta girme ni.

Mu shida ne, biyar gwauraye.
Zumuntar mata ce ta ba mu makulli,
don a ɗakunan hayarmu na Ƙofar Ƙaura
in za ki ɗora kasko, sai kin fitar da katifa.
Nan muke toya cincin da dublan,
mu ƙulla a leda, mu cire na baiko,
saura ya zama haya, ya zama magani.

Na ce, "Malam, in na dafa shinkafa ran Kirsimeti
mutum ɗari biyu suka ci?"
Ya ce, "Ibada ce."
"In na dafa ta ran Laraba
na biya wa Habila kuɗin jarrabawa?"
Ya ce, "Sana'a ce."
Tukunyar ita ce, hannun shi ne.
Hayaƙi bai san ranakun mako ba.

Bai ɗaga murya ba, shi ya fi ciwo.
Ya nuna tukunyar gas
jingine da bangon ajin yara.
Ya nuna ruwan wanke-wanke
yana cin gindin katangar Lurwanu tela.
Ya ƙirga babura uku da suka toshe lungu.
Na nemi ƙarya a bakinsa in riƙe,
ban samu ba.

Yaron ya tsoma buroshi.
Ja, kamar an yanka zakara a bango:
A DAKATA.
Fentin ya zubo ta ƙasan harafin ƙarshe.

Sai fom, shafi huɗu.
Hatimin dubagari, hatimin 'yan kwana-kwana,
rasit na banki,
da sa hannun maƙwabta uku.
Na kai wa Lurwanu, zuciyata na tafasa,
don na san shi ya kai ƙara.
Bai tsayar da keken ɗinki ba.
"Liyatu, ku gyara kwata in sa hannu.
Ba wutarku na ce a kashe ba,
bangona ne ke zubewa."
Ya ciji zare, ya tofar.
"Sallah saura mako uku.
Wa zai toya mana?"

Buhun siminti biyu. Dattawa sun ce
sai kwamiti ya zauna.
Kwamiti ya ce sai ofis ya amsa.
Sau uku na hau Keke zuwa ofis,
sau uku masinja ya ce an tafi taro.
Fayil ɗinmu na ƙarƙashin kofin shayi,
na gane shi da tabon mai.

Yau Lahadi, an yarda da wuta.
Na kwaɓa mudu huɗu, na toya duka,
na tsaya bakin ƙofa da kwano.
Yara suka ɗiba, har 'ya'yan tela.
Wata baƙuwa ta kwance bakin zane ta ce nawa,
na kalli bango,
na ce, "Ɗauki. Yau ba shi da kuɗi."