Kamu Biyu

Tarho biyu ne a kan teburina a Tbilisi,
baƙaƙe, kowanne da nauyin jariri ɗan wata uku.
Ɗaya gado, ɗaya na saya a hannun mai gyaran agogo.
Duk biyun bebaye ne.
Abin da nake so bai taka kara ya karya ba:
layi ɗaya daga kicin ɗina
zuwa hawa na huɗu, ɗakin Guram,
wanda gwiwa ta hana shi sauka tun kakar inabin bara.

A kantin kayan lantarki yaro ya miƙo mini waya
siririya kamar gashin masara, sanye da roba.
Na ce mai rigar zare nake nema, mai cikin tagulla.
Ya dubi furfurata, ya dubi salularsa,
ya ce, Baba, wannan ai sai gidan tarihi.

Ran Asabar na tafi Busasshiyar Gada,
inda ake shimfiɗa jiya a kan bargo a sa mata kuɗi:
lambobin yabo, cokula, tabarau mai ido ɗaya.
Na tsuguna har ƙafafuna suka sage
ina tonon gwangwanin kifi cike da notuna.
Goma sha biyu na tsinta.
Da na kai gida, bakwai suka ƙi shiga.
Haƙoransu na wata ƙasa ne, na wani zamani.
Lari uku sun bi ruwan Mtkvari.

Asabar ta biyu, ruwan sama.
Ta uku na gamu da Lamara.
Shekara talatin da ɗaya ta yi a babban ofishin tarho
tana soka filogi tana zarewa,
tana haɗa mai kuka da mai rarrashi,
mai bin bashi da wanda ya ce a ce ba ya nan.
Igiyoyin na cikin jakarta, ba ta baza su a bargo,
nannaɗe kamar kitso, ja da fari da ruwan ƙasa,
suna ƙamshin man keke da tsohuwar durowa.
Na tambayi kuɗi. Ta ce tukuna.
Wacce ke ɗaukar murya, wacce ke tada ƙararrawa?
Na faɗa, na kuskure.
Ta ja tsaki, ta zare biron aljihuna,
ta zana mini hanyar a bayan tikitin bas,
ta ce, in ka ƙone su, kada ka sake biyowa ta nan.

Kwana huɗu ina bin matakala da tsani da guduma,
maƙwabta na leƙe ta kafar ƙofa.
Sai da na isa gefen gadon Guram wayar ta ƙare.
Kamu biyu!
Ga tarho, ga bakin waya,
sun tsaya nesa da juna kamar surukai.

Na sauka na yanko igiyar fitilar matata,
wadda ban kunna ba tun ranar da aka fita da ita.
Na fere, na murɗa, na ɗiga dalma.
Hayaƙi ya shiga idona.
Hayaƙin ne kawai.

Da dare na sa yatsa na juya lamba,
faifan ya koma a hankali yana ƙirga kansa.
Ƙararrawa ba ta tashi ba.
Sai ƙwas, ƙwas, kamar kaza na tsattsagar tire.
Na ji ya bugi bututun ɗumama ɗaki sau uku da cokali,
yadda muka saba shekara da shekaru,
sannan daga can ƙasan rijiya, cikin shuu da ƙaraf-ƙaraf:
Tamaz? Kai ne?
Muryarka sak ta mahaifinka.
In za ka hawo, taho da burodi.

Ƙararrawar dai har yau bebiya ce.
Lamara ta ce wani ɗan ƙarfe ne ya mutu, bai fi ƙwayar wake ba,
wai akwai mutum a Kutaisi da ke da su cikin kwali,
in yana raye.
Na rubuta sunansa a gefen zanenta, tikitin ya kusa cika.
Jirgin ƙasa na tashi takwas saura kwata.