Takalmin da Nomau Ya Ɗinka

Ƙusar ta kwana biyu a ƙafata ban sani ba.
Tsahara ce ta ga jini a kan tabarma,
ta bi sawunsa har gindin randa,
ta dawo ta ɗaga diddigena kamar mai duba kofaton jaki.
Ta ce, Kaka, ba ka ji ba?
Ban ji ba.

Ni da na auna Abijan da tafin ƙafa,
shekara goma sha tara, faranti a ka,
agogo, tocila, makullai,
ina gane unguwa da irin tsakuwarta.
Ko ƙarangiya ɗaya ta hau ni a hanyar Kwallama
sai na tsaya na zage ta.
An ce jiki ke gaya wa mai shi.
Nawa ya yi gum daga idon sawu zuwa ƙasa.

A asibitin Tawa majo ya ce in rufe ido.
Ya ɗauko wani zare kamar gashin wutsiyar doki.
Na jira, na jira,
na ce masa, in ka fara ka faɗa mini.
Ya ce, Baba, ai na gama.

Ya ce sukari ya cinye 'yan aikena.
Ya ce nauyina duka wuri ɗaya yake sauka,
nan ƙarƙashin babban yatsa,
kamar mangalar da ta karkace tana cin bayan dabba.
Ya tsayar da ni kan takarda,
ya zagaye ƙafar da biro,
ya ɗiga baƙi inda gyambon yake.

Na kai wa Nomau baduku, can bayan 'yan albasa.
Ya juya takardar sama, ya juya ta ƙasa,
ya ce shekara arba'in yana yi wa ido takalmi,
yau an kawo masa aikin ƙafa.
Jika goma sha biyu. Mun yi ta ja har la'asar,
bai rage ko dala ba.

Fatar akuya ya sa a ciki, mai laushin kunnen jariri.
Ɗinkin ya kore shi waje.
Soso hawa uku,
ya ƙwaƙule masa gurbi kamar na ƙwan zabuwa
don ciwon ya zauna bai taɓa kowa ba,
maƙwabtansa su ɗaukar masa kaya.
Sau uku majo yana mayar da mu.
Na huɗun ya danna da yatsa, ya gyaɗa kai.

Ba kyau gare shi ba, kada in yi ƙarya.
Bakinsa faɗi kamar na tarwaɗa.
Yaran layinmu kwalekwale suke kiransa,
suna tambaya yaushe zan tsallaka tafki.
A ƙofar masallaci ina ajiye shi hankali kwance,
ba wanda zai yi kuskuren musanya,
in shiga da safa, in nemi inda rana ba ta dafa ba.

Arzika ya yi mini dariya ran farko.
Bara ne. Yanzu takalmi ɗaya yake saye,
mai shago ya rasa yadda zai yi da ɗan'uwansa.
Na je gaishe shi, ban ce komai ba,
na ja rigata na rufe nawa.

Da dare Tsahara ta kawo madubin uwarta
mu leƙa tafin tare, kamar masu duba rijiya.
Da asuba kuwa hannu ke fara shiga,
shi ne har yanzu bai daina ba ni labari ba.
Yau ya fito da tsakuwa, ba ta kai wake ba.
Na jefa ta gwangwanin tumatir wajen sauran.
Sha ɗaya ke nan.
Na ɗaure igiya.
Akwai suna gidan Tankari, kuma da ɗan nisa.