Neman Gwadabe

Ƙarfe biyun dare a Apapa,
janareton maƙwabta na tari,
tirelolin bakin titi sun yi barci a tsaye.
Tanimu mai fito da kaya ya turo mini kundin jirgi:
kwantena dubu huɗu da 'yan kai,
kowace a naɗe tsakanin alamar buɗewa da ta rufewa,
ƙoƙo cikin ƙwarya, ƙwarya cikin masaki.
Ya ce, "Lantana, nemo mini ta Gwadabe
kafin kuɗin ajiya su cinye masa jari."

Irin wannan gida ba a shigarsa ta katanga.
Daga tushe ake sallama:
jirgi, sanda a karkace,
kaya, sanda a karkace,
kwantena.
Uwa ta miƙa ni ga 'ya, 'ya ta miƙa ni ga jika,
yadda kwandasta ke sauke ni a Oshodi
ya nuna mini motar gaba da haɓa.

Na buɗe baka mai kusurwa, na gindaya sharaɗi:
wadda aka sauke a Tinkan,
wadda nauyinta ya haura tan ashirin.
Rariya ta girgiza, dubu huɗu suka koma sittin.
Na ƙara: mai kaya, Gwadabe.

Babu.

Na'ura ba ta faɗa, ba ta ba da haƙuri,
tafin hannu kawai ta buɗe mini, wayam.
Na ja sanda biyu, wato a duba ko'ina,
ɗaki da rumbu, zuriya kaf.
Wayam.
Shayi ya huce, sauro ya gano idon sawuna.

Can na tuna rasit ɗin hayata a Idi-Araba,
shekara uku ana rubuta ni Latana,
ina biya, ban taɓa musu ba.
Sai na sassauta tambaya:
duk sunan da ya ƙunshi "dabe".

Ga shi, tilo: Guadabe.
Wani akawu a can bayan teku
ya ji sunan da kunnen garinsu.

Daga sunan na ɗiga ɗigo biyu, na koma wurin uwa,
ta ba ni lamba, ta ba ni kaya:
injinan markaɗe, suna gumi cikin ƙarfe.
Mutum sunansa babbar hanya,
harafi ɗaya ya tare shi kwana tara.

Na tura wa Tanimu. Shiru, ya yi barci.
Harafin na bar shi yadda na same shi,
kundin ba nawa ba ne.
A waje wani direba ya farka
yana ɗumama inji tun kafin kiran assalatu.