Albasar da Ta Ƙi Buhu

Shekara goma sha ɗaya ina kiran baƙi,
suna amsawa kamar kwaɗin fadama.
Ba, bi, bu. Ka, ki, ku.
Baki na motsi, hankali na can rudu
inda iyaye ke juya albasa.
In na goge allo, har da na kansu nake gogewa.

Aji uku, gabas da kasuwar Aliero.
Tamanin da huɗu a rajista,
benci tara, ɗaya da bulo yake tsaye.
Littafin da aka aiko mana
zancen tuffa yake da jirgin ƙasa.
Nomau ya ɗaga hannu:
wai ita tuffar, ana sa ta a miya?

Wata Laraba alli ya ƙare.
Na tsaya gabansu hannu rabbana,
sai bakina ya suɓuce:
"An yi wata albasa, ja, 'yar ƙarama,
ta rantse ba ta shiga buhu,
ba ta hawa tirela zuwa kurmi."
Aji ya yi tsit,
har na ji kurciya a kan darbejiya.

Da dare na yanka kwalin sabulu,
na ɗinke da basilla da zaren buhu,
jimla ɗaya a shafi, baƙi manya-manya.
Ige, matata, ta zana ta da jan biro,
ta yi mata ido, da ƙafafu irin na fara.
Ta ce, "Malam, girma ya faɗi."
Na ce a bar shi nan ƙasa, ya huta.

Shafi biyar na karanta musu.
Albasa ta mirgina, ta wuce masu awo,
ta laɓe bayan tayar amalanke,
ga akuyar Sarkin Tasha ta doso ta.
Nan na rufe.
"Malam, mi af faru?"
Na ce, "Yana ciki. Ni na gaji."
Na ajiye shi a taga, na tafi alwala.

Ta kafar ƙyaure na leƙa.
Kai ya fi ashirin a kan kwali guda,
Hassi na bin baƙi da yatsa mai lalle,
ta yi tuntuɓe, ta tashi, ta sake:
a-ku-ya ta yi a-ti-sha-wa.
Dariya ta ɓarke,
hedimasta ya fito da bulala,
ya tsaya, ya saurara,
ya mayar da ita hammata.

Ran Juma'a littafi ya ɓace.
Ban yi cigiya ba.
Litinin ya dawo da tabon manja,
da warin hayaƙi, ɓera ya ɗanɗana gefe.
Arzika, da ba a jin muryarsa sai wurin dambe,
ya tsaya, ido a ƙasa:
"Kakata ce ta sa ni karanta mata.
Kwana uku muka yi, da fitilar waya.
Ta ce ubana ko sunansa bai iya ba,
albasa ba ta yi halin ruwa ba,
ta ce wannan karon, madalla."

Sai dai ƙarshen bai gamshe ta ba.
Ni na sa albasar ta koma gona;
ita ta ce ƙarya ne, wa ke komawa?
Na juya bangon baya,
ga rubutu kamar sawun kaza:
albasa ta hau jirgin kwale-kwale, ta tafi Yawuri
ganin ɗiyarta.

Yanzu ashirin da uku ne a cikin kwando.
Akwai na raƙumin da ya ci rasit,
akwai na mai ɗori da ya ɗora wa zakara ƙafa,
akwai wanda har yau ban gane kansa ba.
Ƙugiyar ƙa da ɗa sun zube a hanya,
ban tsince su duka ba.

Jiya mai duba makarantu ya zo.
Ya buɗe na Arzika, ya daɗe bai ɗago ba,
ya zare tabarau, ya goge.
Na ce, "Yallaɓai, haka garinmu yake.
Albasa ce."