Wurin da Ban Shafa wa Fenti Ba

A bayan rumbun alkama na same ta,
mil goma sha biyu daga Garden City,
akori-kura ƙirar Ford ta hamsin da uku,
tayoyinta sun nutse a ƙasar Kansas har gwiwa.
Kaza ta yi ƙwai a kujerar direba.
Tsatsa ta ci gindin ƙofa kamar gara ta sami zana.

Loretta Pruitt ta ce dala ɗari shida.
Ban taya ba.
Ta miƙo makulli cikin gwangwanin kofi,
ta juya baya tun kafin mu ɗaura sarƙa.

Da dare ina yankan nama a masana'anta,
ran Asabar ina rigingine a ƙarƙashinta,
garin tsatsa na zuba mini a ido.
Noti ɗaya ya ci mini mako uku.
Na jiƙa shi da mai, na gasa shi, na lallashe shi,
na zage shi da Hausa tunda babu mai ji,
wata Laraba ya saki don kansa.

Shekara ta biyu, walda.
Ta uku, aljihu ya bushe.
Ta hau bulo huɗu, ba taya, ba fitila,
Rumasa'u na aikin makaranta a bayanta,
matata ta shanya darduma a kan bamba
tana cewa, "To madalla, yau dai ta yi rana."

Injin kuwa wajen ɗan gwangwan na tsinto a Dodge City,
silinda takwas, baƙi ƙirin, nauyin sa guda.
Na ba shi kafireta mai baki huɗu, salansa biyu.
Na sauke cikinta har ta kusa lasar kwalta.
Ranar da na yanke rufin don rage inci uku
hannuna rawa yake kamar wanzami a kan ɗansa.

Yarinyar da ke miƙo sifana ba ta san lamba ba
yanzu ita ke ɗaure fulogi,
tana duba aikina, tana girgiza kai.

Shekara ta bakwai ta sha ja, jan tattasai.
Na murɗa makulli.
Ta yi tari sau biyu, ta yi shiru,
na ji zuciyata a tafin ƙafa,
sai ta yi ruri.
Tagogin maƙwabta suka amsa,
karen Delbert ya shige ƙarƙashin dakali.

Muka nufi gidan tsofaffi, inda Loretta take yanzu.
Ta fito da sandar ƙarfe mai ƙafa huɗu,
ta saurara, ta yamutsa fuska.
"Wannan ba muryarta ba ce. Ta Vernon tari take yi."

Sai idonta ya kai ƙofar direba.
Can bakin taga, faɗin tafin hannu,
na bar tsohon koren da ya koɗe,
inda gwiwar hannun mutumin da ban taɓa gani ba
ta goge shi shekara talatin.

Ta ɗora yatsunta a wurin.
Inji na dukan ƙasa, babu mai cewa uffan.

Rumasa'u ta buɗe mata ƙofa, ta jefa sandar a baya.
Tsohuwa ta gyara zama, ta ɗaure ɗankwali a haɓa.
"Ka hau babban titi," in ji ta,
"kuma kada ka tausaya mata."