Cokalin Mai Shayi

Shekara goma sha tara ina nan Ƙofar Ƙaura,
teburina na kallon rumfar masu faci.
Kafin assalatu na hura wuta,
kafin gari ya waye na san bakin kowa:
Sada direba cokali huɗu,
Malam Rabe biyar, a cika madara,
ni kuwa ban taɓa ƙirga nawa ba, ai ni ke da gwangwani.

Sai ƙishi ya zo ya tare a maƙogwarona.
In kusa ƙarar da randa, in tashi kamar ban sha ba.
Dare guda in zaga sau biyar,
har Baraka ta ce, ko ƙyauren za a cire maka?
Ɗan ƙurji a yatsan ƙafa
ya yi wata biyu yana mani gardama.
Ran da na ga tururuwa ta yi layi inda na tsuguna
ban gaya wa kowa ba, jikina dai ya yi sanyi.

A babban asibiti wata mai farin kaya,
ba ta girmi ɗiyata Hassu ba,
ta soki yatsana, ta dubi na'ura, ta dube ni.
Baba, mece ce sana'arka?
Na ce shayi.
Ta yi dariya, sai kuma ta bari.
Ga ƙwaya, in ji ta, amma ƙwaya rabi ce,
ɗaya rabin na cikin cokali.

Na koma na ƙirga. Ashe shida ne,
sau uku a wuni.

Makon farko ruwan zafi na sha da baƙin rai.
Kaina kamar turmi ranar suna.
Na yi wa yarona faɗa kan kofin da ni na fasa.
Alewar madara a faranti tana kiran sunana,
lemon kwalba yana zufa cikin ƙanƙara,
ina kau da kai kamar na hango mai bina bashi.

Huɗu. Uku ta daɗe ba ta tafi ba.
Biyu.
Wata safiya, a kan ɗaya, harshena ya farka:
ashe citta na da magana,
ashe kanumfari ba ƙamshi kaɗai ya iya ba,
ashe gero ma, a furar da ba a yi wa ƙari ba,
yana da nasa ɗan zaƙi mai kunya
da na shekara hamsin ina danne mashi baki.

Yanzu ina kwana har kiran farko.
Gyangyaɗin azahar ya sake ni.
Ƙurjin ya rufe, ya bar tabo kamar ƙwayar wake,
mazagin wandona ya sami rara.
Ban ce na warke ba.
Ƙwaya na nan, gwaji na nan duk wata,
kuma ran sunan jikana na ci alkaki biyu a ɓoye,
na'urar ta tona ni da safe, ba ta da kara ko kaɗan, ba ta san siriki ba balle aboki.

Sada har gobe huɗu yake cewa.
Na yi mashi nasiha, ya ce in bar wa'azi ga liman.
To, Allah ya yafe mani:
uku nake zubawa,
in kaɗa cokali da ƙarfi, kofi na ƙara kamar huɗu.
Jiya ya kurɓa, ya lumshe ido, ya ce,
Lawandi, hannunka na nan yadda na san shi.